Filin Manoma: Tambayoyinku Kan Rufin Gidan Leda da Shigar Iska

Wasiƙun da suka zo mana a wannan wata yawancinsu a kan gidan leda ne, wato rumfar da ake rufewa da leda a yi noma a cikinta, kuma kusan duka daga Katsina da Daura da kewaye. Mun haɗa masu kama da juna, mun taƙaita wasu saboda ƙarancin fili.

Assalamu alaikum. Ina da gidan leda a lambuna kusa da madatsar ruwa ta Ajiwa, faɗinsa mita 8, tsawonsa mita 24, tsayinsa a tsakiya mita 3. Wanda ya kafa mini ya lulluɓe shi da leda tun daga ƙasa ta wannan gefe har ƙasa ta wancan, da ƙofa ɗaya a gaba da 'yar taga a baya. Tumatir ya yi kyau a Janairu, amma da Maris ya kama sai fure ya riƙa zuba. Na ƙara taki, na ƙara ruwa, shiru. Ina matsalar take? (Wani mai lambu daga Ajiwa)

Wa alaikumus salam, Malam. Ka dakata da takin nan haka, zafi ne ke zubar maka da fure.

Tsarin da aka yi maka na ƙasashen sanyi ne, irin su Ingila da Holan, inda manomi ke neman yadda zai tsare ɗumi a cikin gida. Mu a nan zafin ne ya yi mana yawa. Daga Maris zuwa Mayu zafin Katsina a inuwa yakan kai digiri 40, a cikin rufaffen gidan leda kuwa yana iya haura 50 da azahar. Shi kuma tumatir, idan zafin rana ya zarce digiri 32 zuwa 35 kwanaki a jere, dare ma bai yi sanyi ba, garin da ke cikin furensa yakan lalace. Furen sai ya yi rawaya daga wuya, ya faɗi bai ɗaure ɗa ba. Attaruhu da tattasai ma haka suke yi. A ƙasarmu gidan leda lema ce da gidan sauro: leda a sama kawai don tare ruwan sama, raga a gefe don tare ƙwari, iska kuma ta riƙa ratsawa.

Kafin ka taɓa komai, sayi ma'aunin zafi guda biyu. Rataye ɗaya a tsakiyar gidan daidai kan shuka, ka yi masa 'yar inuwa da kwali don kada rana ta doke shi. Ɗayan ka rataye shi waje a inuwa. Ka duba su da ƙarfe 2 na rana. Idan na ciki ya fi na waje da sama da digiri 3 ko 4, iska ba ta wadatar ba.

Ga lissafin. Filin gidanka murabba'in mita 192 ne. Kafofin iska ya kamata su kai aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu na filin, wato murabba'in mita 48. To amma raga mai ƙananan ido tana tare kusan rabin iskar da za ta wuce, saboda haka sai ka ninka, ya zama 96. Idan ka yanke ledar gefe biyu, ka sa raga mai tsayin mita 2 a duk tsawon mita 24 na kowane gefe, ka sami 96 ɗin cif. Gaba da baya ma a sa raga. A can ƙasa kuma a bar zanen leda mai tsayin santimita 50 don tare fantsamar ruwa da ƙasa.

Abin da zai ɗan ci maka kuɗi shi ne tsayi. Mita 3 ya yi ƙasa. Iska mai zafi sama take tashi, ta taru a ƙarƙashin rufi, kuma tumatir da aka ɗaure a igiya yakan kai mita 2, ka ga kansa yana cikin zafin ke nan. Gidan da ya dace da nan, dirkokin gefe su kai mita 2 da rabi, tsakiya ta kai mita 4 zuwa 4 da rabi. Mai walda zai iya ƙara wa ƙafafun tsawo. In da hali, a yi masa kafar iska a doron rufi: ɓangare ɗaya na rufin ya ɗara ɗayan tsayi da santimita 60 zuwa 80, a toshe tsakanin da raga, rufin sama ya zarce kaɗan don kada ruwa ya shiga. Ranar da iska ta tsaya cik, wannan kafar ce kaɗai ke fitar da zafi.

Da bazara a ƙara ragar inuwa mai tare kashi 30 zuwa 40 cikin ɗari na hasken rana. A shimfiɗa ta a waje, saman leda, da tazarar santimita 30 zuwa 50 a tsakani. Masu ɗaura ta a ciki suna barin zafin ya riga ya shigo sannan su tare shi. Damina na kankama a cire ta, domin a Agusta hasken ma ba ya isa.

Duk da haka kada wani ya ruɗe ka: raga da inuwa ba za su sa cikin gidan ya fi waje sanyi sosai ba. Dabarar ita ce kada furen ya faɗo a Afrilu. Ka yi dashe tsakiyar Mayu, fure ya fara a Yuni lokacin da zafi ya sauka, ka fara tsinka ƙarshen Yuli zuwa Agusta, sa'ad da tumatir ke tsada a kasuwa saboda na fili ba ya jure ruwan sama. Ribar gidan leda a nan take.

Na sayi farar leda a wurin masu kayan gini na rufa gidana. Ko wata biyar ba ta yi ba ta fara tsagewa a kan ƙarafa, yanzu in ka taɓa ta sai ta marmashe. Wace iri ya kamata in saya, kuma ta yaya zan gane ta gaske? (Wani matashi daga Daura)

Ɗan'uwa, araha ba ta ado. Ledar magina an yi ta ne don a shimfiɗa ƙarƙashin kankare, inda rana ba ta ganinta. Ta gidan noma ana haɗa ta da maganin da ke kare ta daga hasken rana tun a masana'anta, za ka ga an rubuta UV a jikin naɗin. Kaurin da ya dace maikiron 200 ne, wato kashi ɗaya cikin biyar na milimita, wasu masu sayarwa suna ce masa geji 800. Irin wannan, in an ɗora ta daidai, tana yin shekara 3 zuwa 4.

Kauri dai ana iya gane shi da sikeli. Murabba'in mita ɗaya na leda mai maikiron 200 yana da nauyin kusan giram 185. Naɗi mai faɗin mita 10 da tsawon mita 25 zai yi kusan kilo 46. Idan aka ɗora maka a sikeli ka ga kilo 30, siririya aka ba ka, ko me aka rubuta a jiki. Maganin rana kuwa ido ba ya ganinsa, sai dai ka nemi takardar masana'anta da rasit mai ɗauke da shekarun garanti.

Cikin masu kyaun ma akwai zaɓi. Nemi mai ɗan duhu-duhu wadda ke watsa haske, ta fi garau ɗin da kake hango mutum ta cikinta, domin ba ta ƙona 'ya'yan da ke sama. Akwai kuma wadda aka yi musamman don riƙe ɗumi da dare. Ta fi tsada, kuma ba ka da buƙatarta.

Tsagewar da ka gani a kan ƙarafa kuwa, ko ledar gaske ta nan take fara mutuwa. Ƙarfe a rana yana zafin da hannu ba ya iya riƙewa, sai ya gasa ledar da ke kwance a kansa. Maganinsa a manna farin salatif mai soso a bayan kowane ƙarfe kafin a ɗora leda. In bai samu ba, a naɗe ƙarfen da tsummokaran farin yadi ko yankin tsohuwar leda, sannan bayan an rufa a bi layin ƙarfen daga waje da farin fenti na ruwa, faɗin kamar tafin hannu. Fentin mai kam a'a, yana cin leda. Sauran abokan gabanta su ne robar tiyub da mutane ke naɗe ƙarfe da ita, da farin fayif na ruwa in ya taɓa ta kai tsaye, da baƙin mai da ake shafa wa katako saboda gara, da kuma maganin feshi mai farar wuta ko kulorin. In kana feshi, ka sunkuyar da bakin famfo kan shuka, kada ka wanke rufin da magani.

Mu ƙungiya ce ta masu noman rani a wajen madatsar Sabke. Mun sayi ƙarafa da leda, muna so mu ɗora da kanmu. Wani maƙwabcinmu iskar farkon damina ta kwashe masa rufi bara. Yaya za mu yi kada mu bi sahunsa? (Sakataren wata ƙungiya, Mai'aduwa)

Sannunku da ƙoƙari, Malam Sakatare. Iska ba ta yaga ledar da ta ɗame. Wadda ta yi sako-sako take kaɗawa, ta yi ta bugun ƙarfe har ta huje, daga nan iska ta sami ƙofa ta shiga ta ɗaga rufin gaba ɗaya.

Ku fara da mazauni. Kowa ya san hadarinmu daga gabas yake tasowa da iskarsa, saboda haka tsawon gidan ya miƙe gabas da yamma, ƙunƙuntar fuskar ce za ta kalli hadari. Kafar doron rufi kada ta buɗe baki gabas, ƙofa kuma a sa ta yamma. Ku nisanci katanga da manyan itatuwa masu tare iska, in kuma gida biyu ne a jere ku bar aƙalla mita 3 a tsakaninsu. Kowace dirka ta shiga ƙasa santimita 50 zuwa 60, a zuba mata kankare, musamman a jigawa inda ƙasa ke da rairayi. Tazarar bakunan ƙarfe, wato lanƙwasassun ƙarafan da ke ɗauke da rufi, kada ta wuce mita 2. A kusurwoyi huɗu a sa ƙarfen tokare a karkace, in ba haka ba iska na iya kwantar da bakunan duka gefe guda. Kafin leda ta hau, wani ya bi kowane ƙarfe da tafin hannu. Duk inda ya ji tsinin walda ko kan noti, a goge shi a naɗe.

Awon leda da igiya ake yi. Ku jefa igiya ta bi bayan baka daga inda leda za ta fara zuwa inda za ta ƙare, ku auna, ku ƙara rabin mita kowane gefe. A gida mai faɗin mita 8 wanda bakansa ya tashi mita 2 daga kan dirka, igiyar za ta ba ku kusan mita 9.3, ledar mita 10 da 'yan kai ke nan. A tsawo ma ku ƙara mita 1.

Ranar aiki ku zaɓi wadda ba iska, ku kasance mutum shida ko takwas. Ku warware ledar a gefen gidan bayan kun share ƙaya da duwatsu, ku bar ta ta sha rana kamar rabin awa don ta yi laushi. Leda tana saki da zafi, tana tsukewa da sanyi. Wadda aka ja da sanyin asuba za ta yi tumbi da rana. Da hantsi ya fi, amma ban da tsakar ranar Afrilu, lokacin tana miƙewa fiye da kima.

Ku duba rubutun jikinta. Ledar gidan noma tana da ciki da waje, kuma masana'anta kan rubuta wace fuska ce za ta kalli shuka. In aka juya ta, maganin hana ɗigar raɓa ya tafi a banza.

Don jan ta sama, ku dunƙule tsumma a bakin ledar, ku ɗaure igiya a wuyan dunƙulen, kamar wuri huɗu ko biyar. Kada a huda. A jefa igiyoyin ɗaya gefen, a ja tare a hankali, mutum biyu a ciki suna tura ta da sanduna masu tsumma a kai. In ta hau ta daidaita, a fara kama ta a ƙunƙuntar fuskar gidan guda ɗaya, a je ɗaya fuskar a ja tsawon da ƙarfi a kama. Sannan gefe: a fara daga tsakiya a nufi kusurwa, a gama gefe ɗaya, a koma ɗayan ana ja ƙasa ana kamawa.

Abin kamawa mafi inganci shi ne kwararon ƙarfe da ake ɗaurewa a jikin gidan, a kwantar da leda a ciki, a danna lanƙwasasshiyar waya ta maƙale ta. Ana iya cirewa a ƙara ɗamewa, kuma kwararo ɗaya yana riƙe leda da raga tare. In katako ne, a naɗe bakin ledar a siririn katako sau biyu ko uku, sannan a buga ƙusa ta cikin katakon. Ƙusa a jikin leda tsirara mafarin yagewa ce. Zanen ledar can ƙasa da gindin raga a binne su a rami mai faɗin santimita 30 da zurfin 30 zuwa 40, a mayar da ƙasa a tattake. Daga ƙarshe a ɗora igiyoyi masu faɗi ko bel a kan rufin, ɗaya a tsakanin kowane baka biyu, a ɗaure a ƙasa. Siririyar igiyar nailan tana yanka leda. Bayan mako biyu a sake zagayawa a ɗame inda ya saki, haka kuma kowace shekara a farkon Mayu.

Zan iya amfani da gidan sauro na kwana a maimakon ragar da ake sayarwa da tsada? (Daga Jibiya)

A'a, Malam. Idonsa ya yi faɗi, farin ƙuda mai kawo cutar nannaɗewar ganye yana ratsa shi, rana tana cinye shi cikin 'yan watanni, kuma wanda ake rabawa a asibiti yana da maganin sauro a jiki, ba a yi shi don kayan abinci ba.

Ragar noma lamba gare ta, gwargwadon yawan ido a kowane inci. Lamba 50 ita ce ke tare farin ƙuda sosai, amma ta fi shaƙe iska. Lamba 40 ta fi barin iska, tana kuma tare malam-buɗe-littafin da ke haifar da tsutsar sharon, wadda ta yi wa tumatirin Arewa ɓarna a 2016 har jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kansa. In gidanka dogo ne mai kafar sama, ɗauki 50. In gajere ne, 40 ta fi maka, ka haɗa da tarkon gam mai launin rawaya a ciki. Fara za ka saya, ba baƙa ko koriya ba.

Yawancin ƙwarin ma ta ƙofa suke shiga, tare da mai gidan. Yi 'yar zaure ta raga mai mita 2 a kan 2 da ƙofa biyu, ba a buɗe ta ciki sai an rufe ta waje. Kuma kada a shigo da dashe daga fili. Wani abu da ake mantawa: tunda raga ta hana ƙudan zuma shiga, iska ma ta ragu, sai ka riƙa girgiza igiyoyin tumatir da hantsi, sau uku a mako, don furen ya ɗaure. Kokwamba kuwa sai ka nemi irin gidan leda mai yin 'ya'ya ba tare da ƙudan zuma ba.

Da damina kullum da safe ruwa na ɗiga daga cikin rufi kan ganye, har funfuna ta fara kama su. Da hunturu kuma kokwamba ta tsaya ba ta girma. Rufewa zan yi ko buɗewa? (Wani malamin makaranta, Dutsin-Ma)

Malam, amsar ta danganta da wata. Ɗigar nan raɓa ce: danshin da shuka da ƙasa suka fitar ya haɗu da leda mai sanyi da dare. Ganyen da ya kwana a jiƙe shi cuta ke kamawa. Da damina gefe ya zauna a buɗe dare da rana. Ban-ruwa da safe kawai, a gindi, in da hali ta tiyon ɗigo. A cire ganyen ƙasa har zuwa reshen 'ya'ya na farko don iska ta ratsa, kuma kada a cusa shuka, tumatir 2 zuwa 3 a murabba'in mita ya isa. Duba rufin ma: inda leda ta yi tumbi ko aka ja waya a ƙarƙashinta, nan ruwa ke taruwa ya ɗiga. A waje a haƙa kwata gefe biyu, domin ruwan da rufin ya tara kada ya koma ciki.

Abin da zai raba ka da wannan ruɗani labule ne. A bayan raga, daga waje, a rataye leda daga kan dirka, a naɗe gindinta a dogon fayif mai mariƙi a ƙarshe, yadda mutum ɗaya zai murɗa ya naɗe ta sama ko ya sake ta. In hadari ya taso, a saki na ɓangaren da ruwa ke bugowa, yana wucewa a naɗe. A Disamba da Janairu, da dare sanyi kan sauka ƙasa da digiri 15, kokwamba kuwa ba ta son haka. Sai a saki labulen da la'asar sakaliya, a naɗe da misalin ƙarfe 9 na safe. Ranar da iskar hunturu ke busawa da ƙarfi, na gefen arewa ya zauna rabi a sake. Kada dai a wuni a rufe, ko a Janairu rana tana da ƙarfi.

Ƙurar hunturu tana toshe idon raga har iska ta daina wucewa, mai gida bai lura ba. Duk mako a wanke ta da ruwa daga ciki zuwa waje, da burushi mai laushi. Rufin ma a wanke shi a Disamba da ruwa da soso a kan doguwar sanda. Ƙurar da ta sauka daga ƙarshen Fabrairu kuwa a bar ta, inuwa ce kyauta, ruwan farko zai wanke ta.

Ni a cikin gida nake renon irin tumatir da attaruhu ina sayar wa masu lambu. Ba ni da kuɗin babban gida. Akwai ƙarami da zan iya? (Wata uwargida daga cikin garin Daura)

Akwai, Hajiya, kuma ya fi dacewa da sana'arki. Ki yi kwami mai faɗin mita 1, ki ɗaga shi kamar santimita 15. A yanko miki rodi mai kaurin milimita 10, tsawon mita 2 da rabi kowanne, a lanƙwasa, a kafa duk bayan mita 1. Ki lulluɓe da raga lamba 50, ki danne gefen da bulo ko buhunan yashi yadda ba kafa. Leda kuma a doro kawai, ta sauko rabi, ki ɗora in hadari ya haɗu ki cire in ya wuce. Ƙaramar rumfa tana ɗaukar zafi da sauri fiye da babba: in aka manta leda a rufe ruf da rana, awa ɗaya ta isa ta dafa irin. Cikin gida katanga na tare iska, saboda haka ki zaɓi wurin da ya fi sarari, inda rana ke samu da safe. Kwana biyar kafin ki sayar, ki rage ruwa, ki cire inuwa, don dashen ya saba da rana.

In sa fanka mai sola? (Daga Katsina)

Ƙananan fankokin ɗaki juya zafin kawai suke yi. Gida mai mita 8 a kan 24 da tsayin mita 4 da rabi yana ɗauke da iska kusan kubik mita 750, kuma ƙa'ida a sauya ta duk minti ɗaya. Wannan aikin babbar fanka ce irin ta gidan kaji, mai cin wuta fiye da kilowat 1, kuma sai gefe na rufe take aiki. Kuɗin ya fi amfani a ƙarin tsayi da raga. A Maris da Afrilu da iska ke bushe, jiƙa hanyoyin tsakanin kunya da azahar yana ɗan rage zafi. Da damina kada a yi.

Ledata ta huje wuri biyu. Sai na canza duka? (Daga Mashi)

Ba sai ka canza ba, in sauran jikin da ƙwari. Wanke wurin, ka bar shi ya bushe sarai, ka manna salatif ɗin gyaran leda ciki da waje, ya zarce ramin da santimita 5 ta kowane ɓangare. Salatif ɗin kwali ba ya kai mako biyu a rana. Ka yi shi ranar da ka gani, kafin iska ta faɗaɗa shi. In kuwa ka ja gefen ramin da yatsa ka ji yana tsagewa ba wuya, ledar ta gama aiki. Ka cire ta, amma kada ka ƙona. A Afrilu ka jiƙa kwamin reno sosai, ka shimfiɗa ta a kai, ka binne gefunan, ka bar ta mako 4 zuwa 6. Zafin da zai taru a ƙarƙashi yana rage tsutsar da ke sa saiwa ƙulli, da ƙwayoyin cuta da irin ciyawa da ke saman ƙasa.